Amanar Wa Ke Hannun Mai Gadi?

Akwai wata tambaya da ta girmi kwamfuta da intanet nesa ba kusa ba, amma zamanin nan ya sake taso da ita. Idan aka ɗauki mutum aiki, aka rantsar da shi cewa zai riƙe sirri, sai ya wayi gari ya ga ana fakewa da sirrin ana ɓarna, wa ya fi cancanta ya yi wa biyayya? Wanda ya rantsar da shi, ko jama'ar da aka ce dominsu ake riƙe sirrin? In kuma ya zaɓi ya buɗe baki, shin hukuma tana da hurumin hukunta shi, ko kuwa nauyi ne a wuyanta ta kare shi daga fushin shugabanninsa? Zan duba wannan tambaya a fagen da ta fi zafi a yau, wato shirye-shiryen musayar bayanan tsaron intanet tsakanin gwamnati da kamfanoni. Misalan daga Amurka za su fito, domin a can ne aka fi gwada abin, a can ne kuma shari'o'insa suka fito fili har kowa zai iya dubawa.

Mene ne musayar bayanan tsaro?

Masu kutse ba sa ƙera sabon makami domin kowane gida. Manhajar da suka fasa banki da ita jiya, da ita za su gwada asibiti gobe. Saboda haka idan wanda aka fara kai wa hari ya sanar da sauran alamomin da ya gani, kamar adireshin na'urar da harin ya fito, ko siffar muguwar manhajar, ko irin saƙon yaudarar da aka turo wa ma'aikatansa, sauran za su toshe ƙofofinsu tun kafin a iso gare su. Hausawa sun riga sun faɗa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Matsalar ita ce mai gemun da ya kama yakan so ya ɓoye, don kada abokan ciniki su gudu, ko lauyoyi su maka shi a kotu.

A shekarar 2015 Amurka ta sha wani mugun kashi. Aka fasa rumbun bayanan ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, har da hoton zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Cikin wannan yanayi majalisar dattawa ta amince da dokar musayar bayanan tsaron intanet a watan Oktoba da ƙuri'a 74 a kan 21, shugaba Obama kuma ya sa mata hannu a watan Disamba. Dokar ciniki ce. Kamfani zai miƙa wa ma'aikatar tsaron cikin gida alamomin harin da ya gani, daga nan a rarraba su ga wasu ma'aikatu, ciki har da ma'aikatar tsaro da ofishin daraktan leƙen asiri na ƙasa. Ladan kamfanin shi ne ba za a kai shi ƙara don ya miƙa bayanan bisa ƙa'ida ba, kuma ɗan jarida ko ɗan ƙasa ba zai iya neman ganin abin da aka miƙa ta hanyar dokar ƴancin samun bayanai ba. An sharɗanta cewa a cire bayanan mutanen da aka san ba ruwansu da harin kafin a tura. Masu adawa da dokar, irin su Sanata Ron Wyden, sun ce leƙen asirin jama'a ne aka sauya wa suna. Sun kuma nuna cewa dokar ta yarda a yi amfani da bayanan wajen binciken wasu laifuffuka, har da waɗanda ke ƙarƙashin dokar leƙen asiri, wadda da ita aka saba gurfanar da masu ba ƴan jarida bayanai.

Ba sai mai karatu ya ɗauki ɓangare a wannan gardama ba kafin ya ga abin da cinikin ya haifar. An rage ikon kotu, an rufe wa ɗan jarida ƙofa, wanda bayanansa ke yawo kuwa bai ma san suna yawo ba. To, idan aka daina tace bayanan mutane kamar yadda doka ta ce, ko aka karkatar da rumbun zuwa bin diddigin wani, ko wata ma'aikata ta karɓi gargaɗi ta danne don kada a ga sakacinta, wa zai sani? Babu kowa sai wanda ke zaune a gaban na'urar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan hujjata ta farko take. Duk lokacin da hukuma ta nemi jama'a su yarda a yi wani aiki a ɓoye, ta ɗauki bashi, kuma hanyar biyan bashin ita ce ta tabbatar na ciki zai iya magana ba tare da an halaka shi ba. Hukumar da ta karɓi sirrin ta ƙi biyan wannan bashi tana neman a yarda da ita ba tare da shaida ko ɗaya ba, abin da ko ɗan kasuwa ba ya nema daga abokin cinikinsa.

Mutumin da aka kora don ya yi gargaɗi

Labarin Shawn Carpenter ya faru shekara goma kafin waccan doka, amma shi ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Carpenter ma'aikacin tsaron kwamfuta ne a cibiyar bincike ta Sandia da ke jihar New Mexico, cibiyar gwamnati mai aikin makaman nukiliya, wadda a lokacin wani reshen kamfanin Lockheed Martin ke gudanarwa. A 2004 ya bi sawun wasu masu kutse daga na'ura zuwa na'ura har sawun ya kai shi kudancin ƙasar Sin, ya tarar da tarin takardun da aka sato daga sansanonin sojan Amurka da ƴan kwangilarsu. Wannan jerin hare-hare ne aka yi wa laƙabi da Titan Rain. Ya kai wa shugabanninsa, suka ce ya bar maganar, aikinsa kwamfutocin Sandia ne kawai. Shi kuwa ya ga gidajen maƙwabta ne ake yashewa kuma masu gidan ba su sani ba. Ya kai bayanan ga jami'an tsaron sirri na rundunar soja, daga baya ga hukumar FBI, wadda ta yi watanni tana aiki da shi. Da Sandia ta gano, ta kore shi a watan Janairun 2005. Ya kai ƙara, a watan Fabrairun 2007 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya shi diyyar kimanin dala miliyan 4.3.

Adalci ne a faɗi abin da ke ɓangaren Sandia. Carpenter ya shiga na'urorin wasu ƙasashe ba da izini ba, abin da doka ba ta sake wa kowa ba, ya kuma fitar da bayanan wurin aikinsa bayan an hana shi. Ma'aikatar da kowane ma'aikaci zai yi gaban kansa ba za ta tsaya ba. Amma a lura da inda ya kai maganar. Bai je wurin ɗan jarida ba sai bayan an kore shi, bai sayar wa kowa komai ba. Gwamnatinsa ya sanar cewa ana sace kayan gwamnatinsa. Abin da aka kore shi a kai shi ne abin da majalisa ta zo tana roƙon kamfanoni su yi bayan shekara goma, har tana ba su kariya. An rubuta wa kamfani kariya filla-filla idan ya miƙa bayani. Tambayar ita ce me aka rubuta wa mutum guda mai albashi ɗaya da iyali, idan shi ne ya ga ya kamata a miƙa, shugabansa ya ce a'a.

Rufin asiri da amana

Na san abin da zai tsaya wa Bahaushe a rai. Mu mutane ne da muka ɗauki rufin asiri da girma, har addu'a muke yi da shi. Mai tona asiri, magulmaci, ɗan tsegumi, duk ba sunayen yabo ba ne. Wanda ya ci gishirin gida ya fita yana faɗin abin da ke cikin gidan, maci amana muke ce masa. Wannan tarbiyya tana da tushe mai kyau, bai kamata a yi wasa da ita ba.

Sai dai mu tambayi kanmu asirin wa ake rufawa. Rufin asirin da muke yabo shi ne suturta rauni na mutum wanda bai cutar da kowa ba: talaucinsa, rashin lafiyarsa, kuskuren da ya yi tsakaninsa da kansa. Ba mu taɓa yabon wanda ya ga ana zuba guba a rijiyar unguwa ya yi shiru don mai zubawar ubangidansa ne ba. Magulmaci yana kai magana inda ba za ta gyara komai ba, don ya ɓata wani ko ya ji daɗin bakinsa. Mai shaida yana kai magana inda za a iya gyara, yana kuma sane da cewa shi ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa. A fagen da muke magana ma abin ya juye. Asirin da ke cikin haɗari na talakawa ne: saƙonninsu, lambobin asusunsu, takardun asibitinsu, zanen yatsunsu. Ma'aikacin da ya kwarmata cewa ana wasa da waɗannan, rufa wa miliyoyi asiri yake yi ta hanyar tona na ofis guda.

Ita ma amana tana da mai ita. Idan attajiri ya ba wakilinsa dukiya, wakilin ya ɗauki mai gadi, sai mai gadin ya ga wakilin na barin ƙofa a buɗe da dare, amanar wa zai ci in ya faɗa wa attajirin? Shugaban ma'aikata wakili ne. Sirrin gwamnati ajiya ce a hannunsa, kamar yadda take a hannun ƙaramin ma'aikaci. Biyayyar da ma'aikacin ke yi masa biyayya ce ta gaske, kuma a kusan kowace rana ita ce daidai, domin a kusan kowace rana umarnin shugaba da maslahar jama'a hanyarsu ɗaya. Ranar da hanyar ta rabu biyu ce ake gane cewa tun asali biyayyar aro ce daga waccan babbar amana.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren

Masu kaffa-kaffa da kwarmato a harkar tsaron intanet suna da hujjar da ta fi ta sauran fagage nauyi. Idan akawu ya fallasa cewa an sace kuɗin gina makaranta, fallasar ba ta ba wani ɓarawo mabuɗi ba. A nan kuwa bayanin kansa makami ne. Wanda ya bayyana ramin da ke cikin wata manhaja kafin a toshe shi ya sanar da masu gyara da masu kutse a lokaci guda. Duniya ta ga haka a 2017. A watan Afrilu wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa kayan kutsen da aka sato daga hukumar leƙen asiri ta NSA. A watan Mayu aka harhaɗa ɗaya daga cikinsu cikin manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry, ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama, aka soke ganin likita da tiyata. Waɗancan ba masu kwarmato ba ne, ɓarayi ne, amma darasin ya shafi kowa: abin da ya fita ba ya komawa.

Akwai ƙari. Ma'aikaci guda ɓangare yake gani, ba duka ba. Abin da ya ɗauka sakaci ne zai iya zama tarko da aka ɗana wa masu kutse da gangan. Ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda zai iya tsige shi, to da wane iko zai yanke wa ƙasa hukuncin abin da za a ɓoye? Sannan musayar bayanai a kan yarda take tsaye. Idan kamfanoni suka ga abin da suka miƙa a asirce yana fitowa a jarida, za su kame hannu, kowa ya koma yana kashe wutar gemunsa shi kaɗai.

Na yarda da wannan duka, kuma abin da ya biyo baya a hankalce shi ne a gina wa ma'aikaci hanya ta cikin gida: babban sufeto mai bincike, kwamitin majalisa mai izinin ganin sirri, ofishi mai zaman kansa. Ta haka maganar za ta isa kunnen da zai iya gyara ba tare da ta isa kunnen maƙiyi ba. Amma wanda ya kawo wannan hujja ya ɗaure kansa da igiyarta. In ka ce wa mutum kada ya fita ta taga domin akwai ƙofa, wajibi ne ƙofar ta zama tana buɗewa, kuma kada a sa mai sanda a bayanta.

Abin da ya sami wanda ya bi ƙofa

Thomas Drake babban jami'i ne a NSA. Shi da wasu abokan aikinsa sun ga hukumar ta yi watsi da wani shiri mai araha da ake kira ThinThread, wanda aka gina shi da hanyar kare bayanan ƴan ƙasa, ta rungumi wani mai suna Trailblazer da ya ci fiye da dala biliyan 1 kafin a yi watsi da shi. A 2002 William Binney da Kirk Wiebe da Ed Loomis da Diane Roark suka shigar da ƙorafi a ofishin babban sufeton ma'aikatar tsaro, Drake ya zama babban mai ba da shaida a binciken. Ya kuma yi wa kwamitocin majalisa bayani. Da shekaru suka wuce bai ga canji ba, ya tuntuɓi wata ƴar jaridar Baltimore Sun, ya kuma dage har yau cewa bai ba ta wani abu na sirri ba. A 2007 jami'an FBI suka kai samame gidajen waɗanda suka sa hannu a ƙorafin, sannan gidan Drake. A 2010 aka tuhume shi da laifi 10, biyar daga ciki ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917. A watan Yunin 2011, ana gab da fara shari'a, gwamnati ta janye dukkansu, ya amsa ƙaramin laifi guda na wuce iyaka wajen amfani da kwamfutar aiki. Ba a ɗaure shi ba. Amma aikinsa ya tafi, dukiyarsa ta ƙare a wurin lauyoyi, mutumin da ya kai matakin manyan jami'ai ya koma tsaron kanti a shagon Apple. Daga baya wani tsohon jami'in ofishin sufeton, John Crane, ya yi zargin cewa daga cikin ofishin ne aka miƙa sunayen masu ƙorafin ga masu bincike.

Bayan shekara biyu Edward Snowden, ɗan kwangila mai yi wa NSA aiki, ya kwashi takardu masu ɗimbin yawa ya miƙa wa ƴan jarida, ya bar ƙasar. Ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya sami Drake na cikin abin da ya sa bai tsaya ga hanyar cikin gida ba. Mutane sun rabu a kan Snowden, kuma akwai dalilin rabuwar: kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 2015 tattara bayanan kiran wayar Amurkawa da ya fallasa ya wuce abin da doka ta yarda, amma ya kwashi abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da wannan. Ko da mutum yana ganin Snowden ya yi laifi, ba zai kauce wa lissafin ba. Hukumar da ta murƙushe wanda ya bi ƙofa ta koya wa na bayansa ya fasa bango. Bi-ta-da-ƙulli bai kare sirri ba, shi ya jawo fallasa mafi girma a tarihin hukumar.

Kariya a takarda

Dokar 2015 tana da sakin layi a kan masu kwarmato. Abin da ya ce shi ne kada a fassara dokar ta yadda za ta hana bayyana abin da tsoffin dokoki suka riga suka halatta bayyanawa. Wato ba ta rage ba, ba ta kuma ƙara ba. To me tsoffin suka tanada? Dokar kare masu kwarmato ta 1989, wadda aka ƙarfafa a 2012, ta hana a hukunta ma'aikacin tarayya don ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa karya doka ne, ko almubazzaranci, ko wuce gona da iri, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Sai dai ta cire hukumomin leƙen asiri irin su NSA da CIA, waɗanda suke tsakiyar harkar tsaron intanet. Nasu tsarin daban ne, yawancinsa a cikin gida ake yin sa, ba ya kai mutum gaban alƙali mai zaman kansa. Ƴan kwangilar waɗannan hukumomi, waɗanda su ke yin kaso mai yawa na aikin kwamfuta, sai a 2018 doka ta ambace su sosai.

Akwai kuma wata ƙofar baya. Tun 1988 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukumar sauraron ƙorafin ma'aikata ba ta da ikon duba dalilin da ya sa aka hana mutum izinin ganin bayanan sirri. A aikin tsaron intanet wannan izini shi ne aikin. Ba sai an kori mutum ba, a janye izinin kawai, ya zauna ba abin yi har ya tafi da kansa. Ita kanta hukumar ƙorafin ta zauna daga Janairun 2017 zuwa Maris na 2022 ba ta da isassun mambobin da za su yanke hukunci, ƙararraki sama da 3,000 suka taru. Wanda aka tuhuma da dokar 1917 kuwa, kotuna ba sa barinsa ya kare kansa da cewa abin da ya bayyana ya amfani jama'a.

Duk da haka akwai inda doka ta tsaya da ƙafarta. A watan Yulin 2003 Robert MacLean, jami'in tsaron da ke shiga jiragen fasinja cikin farin kaya, ya sami saƙon cewa an soke tafiye-tafiyen da ke buƙatar kwana a otal don a rage kashe kuɗi, kwanaki kaɗan bayan an yi musu gargaɗin yiwuwar fashin jirgi. Ya yi wa shugabansa magana, ya kira ofishin sufeto, aka ce ba abin da za a yi. Ya sanar da ɗan jarida, ƴan majalisa suka yi ca, aka janye umarnin nan take. A 2006 aka kore shi. A watan Janairun 2015 Kotun Ƙoli, da alƙalai 7 a kan 2, ta ce dokar majalisa ce kaɗai za ta iya cire wani bayani daga kariyar mai kwarmato, ƙa'idar da ma'aikata ta rubuta wa kanta ba ta isa ba. Hikimar hukuncin a fili take: in aka bar wanda ake ƙorafi a kansa ya zaɓi abin da za a kira sirri, zai buga hatimin a kan duk abin da zai kunyata shi. Amma a ƙirga shekarun. Daga kora zuwa hukunci kusan shekara 9 ne.

Wa ake nufi da ramuwar gayya?

Sau da yawa ana ɗaukar ramuwar gayya a matsayin zalunci ga mutum guda, a tausaya masa, a wuce. Wanda aka kora ya riga ya yi maganarsa, korar ba za ta mayar da ita ciki ba. Waɗanda ake yi wa jawabi su ne sauran da ke zaune a ofis suna kallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kowannensu zai auna kuɗin makarantar ƴaƴansa da abin da ya gani a allon kwamfuta, yawancinsu kuma za su yi shiru, ba don lalacewa ba, don su mutane ne.

A wasu ayyukan shirun ma'aikata asarar kuɗi yake jawowa. A aikin tsaron intanet shirun shi ne ramin da ɓarawo ke nema, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dukan shirin musayar bayanai an gina shi a kan fahimtar cewa mugun labari ya kamata ya yi saurin tafiya. Ba zai yiwu hukuma ta ce wa bankuna da asibitoci su faɗi rauninsu ba tare da tsoro ba, alhali a cikin gidanta wanda ya faɗi rauni shi ake fara yankewa. Ofishin ma'aikatan da aka fasa a 2015 ma ba gargaɗi ya rasa ba, sufetonsa ya yi shekaru yana rubuta cewa tsaron kwamfutocinsa ba shi da ƙwari. In gargaɗin mai ofishi da hatimi bai sami kunne ba, ina ga na ƙaramin ma'aikacin da ake iya kora?

Nauyin da ke kan mai magana

Kariya ba ta nufin duk wanda ya kira kansa mai kwarmato ya zama waliyyi. Shi ma akwai abin da ake binsa. Ya tabbatar da abin da ya gani gwargwadon ikonsa, ya rarrabe abin da ya sani da abin da yake zato. Ya fara da hanya mafi kusa wadda ke da alamar za ta yi aiki, kada ya tsallake sai ta toshe ko ta zama tarko. Ya fitar da gwargwadon abin da zai tabbatar da ɓarnar, ya bar sauran. A wannan fage musamman, ana iya cewa wata ma'aikata ta bar rami a buɗe wata shida ba tare da an zana wa duniya taswirar ramin ba. Ƙa'idojin Tshwane, waɗanda masana daga ƙasashe da yawa suka fitar a Afirka ta Kudu a 2013, a kan irin wannan awo suka tsaya: a duba amfanin da jama'a suka samu, a duba cutar da aka yi, a duba ko mutumin ya gwada wata hanya.

Abu biyu ne bai kamata a sharɗanta masa ba. Na farko tsarkin niyya. Da zarar mutum ya yi magana, abin da ake fara tonowa shi ne halinsa: yana da fushi, an hana shi ƙarin girma, ba ya jituwa da mutane. Wataƙila duk gaskiya ne. Amma in maƙiyinka ya ce rufin ɗakinka na yoyo, ƙiyayyarsa ba ta hana ruwa zuba. Na biyu, kada a ce sai ya zama daidai ɗari bisa ɗari. In kariya ta tsaya ga wanda bincike ya gaskata kaɗai, ba wanda zai yi magana sai ya tara hujjar da ba ta da musu, kafin nan kuwa an gama kwashe kayan. Ma'aunin da ya dace shi ne ko mai hankali a matsayinsa, da abin da ya gani, zai yi zaton akwai ɓarna. Wanda ya ƙirƙiri ƙarya da gangan, wannan hukuncinsa daban.

Abin da hukuma za ta biya

In an yarda da abin da ya gabata, abin da ya rage lissafi ne. Kariyar ta haɗa da ɗan kwangila, domin aikin ɗaya ne ko da takardar albashin ta bambanta. Janye izinin ganin sirri bayan ƙorafi ya zama abin da wani na waje zai iya dubawa. Idan aka hukunta ma'aikaci jim kaɗan bayan ya yi magana, ma'aikatar ce za ta kawo hujjar cewa ba don maganar ba ne. A hanzarta shari'a, a ci gaba da biyan mutum albashi kafin a gama, domin gaskiyar da ta iso bayan shekara 9 ta tarar da gida ya riga ya watse. Jami'in da ya tona sunan mai ƙorafi, ko ya yi ramuwar, shi ma ya ji a jikinsa, kada a biya diyya daga baitulmali shi kuwa a ƙara masa girma.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ko a Amurkar. A 1777 wasu sojojin ruwa suka kai ƙarar babban kwamandansu Esek Hopkins gaban majalisa, suna zarginsa da azabtar da fursunonin yaƙi na Ingila. Aka sauke shi, ya maka biyu daga cikinsu, Samuel Shaw da Richard Marven, a kotu da zargin ɓata suna. Ranar 30 ga Yulin 1778, ana tsakiyar yaƙin neman ƴanci, majalisar ta zartar cewa wajibi ne a kan duk mai yi wa ƙasa aiki ya gaggauta sanar da hukuma duk wata ɓarna da ya sani, ta kuma ɗauki nauyin kuɗin lauyoyinsu. Ƙasar da ba ta ma tabbatar za ta rayu ba ta ga cewa yaƙi bai zama uzurin toshe bakin masu gaskiya ba.

Mu ma tambayar tana tafe gare mu. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai ta fara aiki a 2023. Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet a 2019, Gana ta yi ta tsaron intanet a 2020, ana kuma haɗa layukan waya da katin shaida da asusun banki a rumbuna na bai ɗaya. Gana tana da dokar masu kwarmato tun 2006, Najeriya kuwa tsarin da ma'aikatar kuɗi ta fito da shi a ƙarshen 2016 ya fi ba da ƙarfi ga tukuicin wanda ya tona kuɗin sata. Duk inda ake rubuta dokar da za ta ba hukuma da kamfanonin waya damar musayar bayananmu a asirce, ya kamata ɗan majalisa da ɗan jarida da mai karatu su nemi sakin layin da ya yi magana a kan matashin injiniyan da zai ga abin da bai dace ba. Su tambayi wurin wa zai je, wa zai riƙe sunansa, da kuma wa zai ciyar da iyalinsa kafin a gama bincike.